Tahu a Cikin Firji

Ni dai tsaka na sani. Tun ina yaro a Demak akwai tokek a bayan kabad ɗinmu, irin babbar tsakar nan mai ɗige-ɗigen ja da ke kiran sunanta da bakinta. Da na ajiye tuƙin ƙaramar bas a Semarang, abu na farko da na yi shi ne na samo wa kaina ɗaya. Janar nake kiransa. Yana zaune cikin guntun gora a kejin waya a baranda, ya ci gyare, ya ci kyankyaso, in ka kai masa yatsa ya cije ka ya ƙi saki. Dabba ce mai gaskiya. In yana jin yunwa za ka sani, in ya yi fushi unguwa duka za ta sani. Zafin garin nan da ke narkar da kwalta kuwa, shi ko a jikinsa.

Sai ga 'yata Nawang ta shigo mana gida da wani abu wai shi salamanda. Fari ne sol, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba, da ƙafafu huɗu da 'yan yatsu, ga wata jar geza a gefen kansa dama da hagu. Ba kifi ba, ba ƙadangare ba, ba kwaɗo ba. A ruwa yake kwana, a ruwa yake tashi, cikin akwatin gilashi, bakinsa kullum a shimfiɗe kamar mai murmushi ko me aka yi masa. Ta sa masa suna Tahu, wai don ya yi kama da awara.

Na ce, "Yana kuka?"

Ta ce, "A'a, Pak." Haka ake kiran uba ko maigida a wajenmu.

"Yana kama sauro?"

"A'a."

"To me yake yi?"

"Yana nan dai."

Na ce ai ni ma tun da na bar tuƙi ina nan dai, ba wanda ya saya min akwatin gilashi. Ta yi dariya. Lokacin muna dariya da juna ke nan.

Bayan nan ne maganar Taiwan ta taso. Yarinya ta yi karatun jinya, ta tashi wai za ta haye teku ta je tana wanke tsohuwar wasu, ga nata tsofaffin a gida. Na faɗi abin da ke bakina, ita ma ta faɗi nata, kuma duk wanda ya san Nawang ya san a wajena ta gado bakin. Ban raka ta filin jirgi ba, har yau kuma ban ga laifina ba. Da safen da za ta tafi ta rungume uwarta, ni kuwa ta kama hannuna ta kai goshinta ba tare da ta dube ni ba. Abin da ta ce min kawai shi ne, "Pak, kar ka bari Tahu ya mutu."

Tun daga nan ga yadda ake yi. Ta kira wayar uwarta Warsini, su yi ta hira suna shewa har wayar ta yi zafi. Can sai Warsini ta miƙo min.

"Ya ci?"

"Ya ci."

"Ruwan da sanyi?"

"Da sanyi."

"To, ba wa Ibu." Wato uwarta.

Shi ke nan rabona. Ba zan ɓoye ba, abin yana min ciwo ƙwarai. Amma tambayoyin nan biyu su kaɗai suka rage min a wajen 'yata, kuma na sani sarai ranar da abin nan ya mutu ba wanda zai ƙara miƙo min waya.

Don haka na zama bawan Tahu. Janar in ka jefa masa gyare ka gama da shi sai gobe. Wannan kuwa sai an daskarar da ruwa a robobi an jefa masa cikin akwati safe da rana da yamma, sai an ɗora masa fanka tana kaɗa saman ruwan ba dare ba rana, sai an tono tana a bayan gida an wanke ta an miƙa masa da tsinke daidai bakinsa, don ko gani sosai ba ya yi. Warsini da ke sayar da shayi mai ƙanƙara da soyayyen tempe, irin wainar waken soya, a ƙofar gida kullum muna cikin rigima a kan wurin daskarar da ruwa. Ta ce tun da aka yi aurenmu ban taɓa miƙa mata ko ayaba a baki ba.

Ana tsakiyar rani, lokacin da ko kajin unguwa baki buɗe suke yawo, wata safiya na miƙa wa Tahu tana ya ƙi karɓa. Washegari ma haka. Da na leƙa a rana ta gaba sai na gan shi a saman ruwa, wutsiya sama, ciki a kumbure, gezar nan ta nannaɗe ta koɗe. Yana ƙoƙarin nutsewa, ruwan na dawo da shi.

Na ƙwala wa Warsini kira, "Bu! Zo ki gani."

Warsini ta zo tana goge hannu a zani, ta sunkuya ta dube shi, ta miƙe.

"Iska ce ta shige shi."

"Wace iska kuma, abin da ke cikin ruwa?"

"Kai, Pak, ba ka da ido? Dubi cikin. Fanka a kansa dare da rana, ga ƙanƙara, ga shi tsirara. Kai da dare ɗaya ka kwana gaban fanka, sai da na kankare maka baya da ƙwandala har ya yi ja, kana ta gyatsa kamar tsohon injin. Shi don ba ya magana?"

"Ai Nawang ta ce sanyi yake so."

"Nawang? Nawang ɗin da ke wanka da magariba ta hau babur da jiƙaƙƙen gashi? Ita za ta koya mana sanyi?"

A gidan nan ba a taɓa yin ciwon da ba iska ce ta kawo shi ba, kuma ba a taɓa warkar da shi da abu mai sanyi ba. Uwata haka ta yi, kakata haka ta yi. Ga shi kuma abin yana shawagi da ciki cike da iska, ido na gani. Amma mai dabbar ta ce ƙanƙara. Na dubi fanka, na dubi Warsini, kaina ya ɗaure.

Muna cikin haka sai ga maƙwabcinmu Kang Sarmin ya leƙo ta kan katanga, riƙe da kejin kurciyarsa da zai rataye a rana kamar kullum. Shi ba a yin magana a layinmu bai sa baki ba.

"Marjuki, me ya samu ɗan naka?"

Na gaya masa. Ya shigo ya yi wa akwatin kallon likita, ya girgiza kai.

"Rabonsa da ganin rana fa?"

"Bai taɓa gani ba. Ta ce a ajiye shi a inuwa."

"Innalillahi! Ka taɓa ganin mai rai da ya yi lafiya ba hantsi? Jariri ana shanya shi. Kurciyata kullum sai ta sha hantsi. Bari ma in tambaye ka, tsakar nan taka ta taɓa ciwo?"

"A'a."

"Ka taɓa sa mata ƙanƙara?"

"A'a."

"To. Ƙafa huɗu, wutsiya ɗaya, kai a baje. 'Yan uwa ne. Wancan ka bar shi yadda Allah ya yi shi, ga shi nan kamar soja. Wannan kuwa kun mai da shi kifin kasuwa."

Na ce bari in kira Nawang. Har na ɗauko waya, sai na ajiye. Me zan ce mata? Na san abin da zai fara zuwa ranta: tsohon nan da ma ba ya son dabbar, ba ya son tafiyata, ya samu hanya. Gara ya warke tukuna, in ta kira in ce ya ci, ruwan da sanyi, a wuce wurin.

Muka kashe fanka. Muka tsamo robobin ƙanƙara. Ni da Kang Sarmin muka kinkimi akwatin, ruwa na fantsamo mana, muka dire shi a baranda kusa da kejin Janar, inda hantsi ke sauka. Janar ya leƙo daga cikin gorarsa ya dubi baƙon da ido ɗaya ya koma. Warsini ta fito da kwalbar man zafi za ta ɗiga a ruwan, na ce a'a, wannan kam ban yarda ba. Ta ce to ko ɗan yankin citta. Na ce citta ƙarama. Kang Sarmin ya ce in za a ƙara tafarnuwa a gaya masa ya je ya ɗauko shinkafarsa.

Ba a jima ba Tahu ya fara motsi. Ya zabura nan, ya zabura can, ya bugi gilashi.

Warsini ta tafa hannu. "Ka gani ko! Jini ya fara gudu."

Kang Sarmin ya ce, "Ni ai ba yau na fara kiwo ba."

Na yi murna, wallahi na yi murna. Har na fara shirya yadda zan gaya wa Nawang cewa tsofaffi ma sun san wani abu. Sai zaburar ta tsaya. Tahu ya karkace ya kwanta a gefe ɗaya a saman ruwan, ƙafafunsa a sake. Bakin nan kuma yana nan a shimfiɗe yana murmushi. Abin da ya fi rikita ni ke nan. Da Janar ne da tuni ya buɗe baki ya yi min tsawa na san na yi kuskure. Wannan kuwa ko daɗi yake ji ko mutuwa yake yi, fuskar ɗaya ce.

"Hutawa yake yi," in ji Kang Sarmin, amma a hankali ya faɗa, kuma nan take ya tuna kurciyarsa na buƙatar ruwa.

Daidai lokacin wayar Warsini ta yi ƙara. Nawang takan kira ne da rana in tsohuwar da take jinya ta yi barci. Warsini ta dubi wayar, ta danna, ta cusa min a hannu ta shige kicin. Shekara talatin da aure, ranar na san matar nan tana iya gudu.

Fuskar Nawang ta fito. Ta buɗe baki za ta yi tambayar da ta saba, sai idonta ya wuce kafaɗata.

"Pak, me nake gani a bayanka?"

"Baranda ce."

"Akwatin Tahu ne a rana?"

"Hantsi ne, Nduk 'yata, ba rana ba. Iska ce ta shige shi, shi ne muka ce..."

"Matsar da wayar kusa." Na matsar. "Mene ne wancan rawaya a ƙasa?"

"Citta."

Na jira ihu. Da ta yi ihu da na san yadda zan yi, don mun saba. Amma sai muryarta ta yi ƙasa.

"Pak, ka saurare ni. Zafi ne ya kama shi tun farko, ƙanƙarar ce ta yi kaɗan. A tafki mai sanyi kakanninsa suke. Ka shigar da shi inuwa yanzu. Ka samo roba mai murfi, mai tsabta, ka zuba ruwan da ya kwana, ka sa shi ciki. In ya ɗan huce, ka sa robar a firji, can ƙasa."

"A firji?"

"A firji."

"Wajen tempe?"

"Wajen tempe, Pak."

"Nduk, mara lafiya ake sa wa a firji? Ni a sanina wanda ya riga ya..."

"Pak." Ta rufe ido ta buɗe. "Don Allah, sau ɗaya dai a rayuwarka, ka yi abin da na ce ko ba ka gane ba."

Ban gane ba, amma na yi. Warsini ta kwashe kayan miyarta daga ƙasan firjin tana ta salati, tana cewa in abin nan ya mutu a cikin abincinta ba ita ba sake buɗe firjin. Na huda murfin robar, na tura shi ciki tsakanin kabeji da kwanon yajin sambal, na rufe ƙofa. Sai na jawo kujera na zauna a gaban firjin. Tunani ya yi min yawa. In an rufe ƙofar fitilar ciki tana mutuwa ne ko tana nan? In tana mutuwa, ba zai ji tsoro ba? In tana nan, yaya zai yi barci? Na buɗe na rufe, na buɗe na rufe, ina leƙe ta tsaga, har Warsini ta ce in ba a kai ni asibiti ba wannan makon to ba a kai kowa ba.

Da la'asar matar Kang Sarmin ta shigo aron ƙanƙara, ta buɗe firji da kanta kamar yadda ta saba, ta ɗaga murfin robar don ta ga me Warsini ta dafa. Ihunta har masallaci. Kafin magariba duk layi ya ji cewa Pak Marjuki ya fara ajiye 'yan ruwa.

Washegari da rana wayata ta yi ƙara. Tawa, ba ta Warsini ba. Sai da na duba sau biyu.

"Yana numfashi?"

"Gezar tana motsi kaɗan-kaɗan."

"To canza masa ruwa. Da wanda ya kwana a firjin, kar ka sa na famfo. Ina kallonka."

Canjin ruwa ba abin sauri ba ne, musamman ga mai hannu irin nawa da bai san komai ba sai sitiyari. Ina yi tana kallo, shiru ya yi mana yawa, sai ta fara cike shi. Ta ce tsohuwar da take jinya tana ɓoye lemo a ƙarƙashin matashi, in ya ruɓe ta ce Nawang ce. Ta ce barkonon can ba ya da yaji ko kaɗan. Na ce ai shi ya sa na ce... sai na haɗiye sauran. Ta yi kamar ba ta ji ba.

Kashegari ta sake kira, haka ma ranar da ta biyo baya. Tahu ya daina karkacewa. Rannan ina zuba ruwa Janar ya yi kuka daga baranda, ta ce, "Wannan ɗan daban yana nan ashe."

Na ce, "Yana nan. Bai taɓa kwana a firji ba kuma."

"Me ya iya ban da cizo?"

"In wutsiyarsa ta yanke sai ya fito da sabuwa."

"Wutsiya kawai? Tahu ko ƙafa ce ta yanke zai sake wata, har da yatsu."

"To ya yi me da ita? Ina yake zuwa?"

Ta tuntsire da dariya, irin wadda take rufe baki da bayan hannu. Rabona da jin dariyar nan tun kafin a fara maganar fasfo. Na zubar da rabin ruwan a ƙafata.

Da kwanaki suka ja, cikin Tahu ya sace. Ya koma ƙasan robar ya tsaya da ƙafafunsa, gezar ta buɗe ta yi ja. Ya kamata in yi farin ciki, kuma na yi. Amma ba farin cikin kaɗai ba ne. Duk safiya in na buɗe firji na ga ya ƙara kyau, sai in ji daɗi, sai kuma in ji jikina ya yi sanyi. Warsini ta lura. Tana juya tempe a mai ta ce, "Ka ji mutum. Dabba na ciwo yana ɓata rai, tana warkewa yana ɓata rai. Kai me kake so ne, Pak?" Na ce ta kula da kaskonta. Ni kaina ban san me nake so ba.

Ranar gwaji ta zo. Nawang ta ce yau a ba shi tana, in ya ci to ya warke, sai a mai da shi akwatinsa, komai ya koma yadda yake. Yadda yake ɗin nan ya tsaya min a kunne.

Na fito da robar na ɗora a teburin kicin. Na jingina wayar da gwangwanin sukari, a tunanina fuskata kaɗai take gani. Na ɗauko tana da tsinke na kai bakinsa. Ko jira bai yi ba. Ya zabura ya wawure ta gaba ɗaya, har sai da ruwan ya yi ƙara.

"Ya ci, Pak?"

Sai na ji bakina yana cewa, "Bai ci ba. Ya dai sunsuna."

Cokalin Warsini ya tsaya a cikin kasko.

"Pak," in ji Nawang a hankali, "ga wutsiyar tanar can tana leƙowa daga bakinsa."

Na dubi wayar. A ƙaramin hoton da ke kusurwa ga haɓata, ga robar, ga Tahu ƙuru-ƙuru yana haɗiya. Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Ni Marjuki, da ban taɓa yi wa ko ɗan sandan hanya ƙarya ba.

Na ce, "Wataƙila tanar ce ta shiga da kanta."

Ba ta yi dariya ba. Ta juya fuska gefe, ta goge hanci da hannun rigarta, ta juyo.

"Jibi ka mai da shi akwatinsa. A hankali, kar ruwan ya bambanta da yawa. Ka kunna fanka, ka ninka ƙanƙara."

"To."

"Amma irin wannan ciwon yana dawowa, Pak. Ba a sakaci da shi."

"Haka ne?"

"Haka ne. Sai na riƙa kiranka kullum ina dubawa."

"Kullum?"

"Kullum. Ban yarda da kai da Kang Sarmin ba."

Na ce, "To, Nduk." Can a bayanta wata tsohuwar murya ta fara kira, ta ce sai gobe, ta kashe.

Na daɗe a zaune da tsinken a hannuna. Warsini ba ta juyo ba, tana ta juya tempen da tuni ya soyu.